Sunan da Na Kira Sau Biyu

Kun sha tambayata, ku 'ya'yana da jikokina, abin da ya fitar da Yayanku daga gidan nan na Birni ya koma haya a bayan kasuwa da iyalinsa. Wasunku sun ɗora wa matarsa Hadiza laifi, don ita ce bare, kuma babu abin da ya fi zargin matar ɗa sauƙi. Wasu sun ce rigimar gado ce. Ba Hadiza ba ce, ba kuma gado ba ne, ni ce. Zan faɗa muku yadda aka yi a shekarar da 'yarsa Yagana ta shiga aji biyu, tun da sauran hankalina, kada ku binne ni da labarin da ba shi ne ba.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina riƙe da alli a lakwal, wato makarantar boko. Duk Damagaram Madam ake ce mini, har bayan na je Makka na dawo sunan bai sake ni ba. Ina da zafin hannu, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma akwai manyan mutane a ofisoshin garin nan da har yau sukan gyara tsayuwa idan suka hango ni. A wurina yara iri biyu ne kawai, mai ƙoƙari da malalaci. Na farko a yaba masa kaɗan don kada kansa ya kumbura, na biyu a nemo masa tsumagiya. A kan wannan na yi aikina har na ajiye shi, ina kwana da tabbacin ban zalunci kowa ba.

Yayanku shi ne ɗana na fari, kuma kun san abin da hakan ke nufi ga macen da ta tashi a gidan Barebari irin namu. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa, ba na kallonsa da daɗewa a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, bai dawo hannuna ba sai da ya isa shiga lakwal. Idan zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, da ya haihu kuma na samu sauƙi na koma cewa baban Yagana. Shi ma bai taɓa ce mini Inna ba, Madam yake cewa kamar sauran yaran gari. Karatu bai karɓe shi ba. Ya maimaita aji har sau biyu, daga nan ya ajiye littafi da biro ya bi kawunsa rumfar dukawa, ya zama badukun da ake zuwa daga nesa don jakunkunansa da tabarmin fata da yake ɗinkawa. Ni kuwa na ajiye a raina cewa lalaci ne ya hana shi, na rufe maganar shekara talatin.

Yagana ce ta rama mini. Yarinya ce mai baki kamar rediyo, idan ta ji waƙa sau ɗaya ta ɗauke ta ke nan, kuma tana kwaikwayon tafiyata a bayana tana tsammanin ban sani ba. Ina kiranta uwata don sunan mahaifiyata ta ci, ita kuma ta ce idan haka ne in daina yi mata tsawa. Kullum bayan la'asar sai in zaunar da ita a kan tabarma in buɗe mata littafin karatu na ajinsu. Da ta kalli hoton da ke saman shafi sai ta zuba, ba tuntuɓe ba gargada, da Faransanci mai kyau irin na bakin malamarsu. Na cika wa ƙawayena kunne da cewa a ƙarshe dai Allah ya ba ni magajiya.

A wannan shekarar ne mutanen jami'ar garinmu suka fara zagaya makarantu da wani bincike. Suna zama da yaran ƙananan azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, su duba ido da kunne, su nuna hotuna da baƙaƙe, su yi wasan sauti da Hausa da Faransanci, wai don a gano tun da wuri yaran da karatu zai yi wa wuya. Da na ji sai na taɓe baki, na ce mu da muka yi aikin da hannu ba mu buƙaci jami'a ba kafin mu gane malalaci. Ba a yi sati biyu ba sai ga wata mata ta yi sallama a gidan nan da jaka a kafaɗa. Rabi ce, yarinyar da na koyar a aji huɗu, 'yar mutanen Takieta, yanzu tana koyarwa a jami'a. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce ta zo da kanta ne saboda ni, don sunan Yagana ya fito cikin yaran da suke son taimakawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira Yagana, na miƙa mata littafin, ta karanta shafi biyu kamar ruwa, na kalli Rabi ina jiran ta ba ni haƙuri. Maimakon haka sai ta zaro wani kwali daga jakarta mai 'yar taga a tsakiya, ta rufe shafin duka har da hoton, kalma ɗaya tak ta rage a fili. Ta ce wa Yagana ta karanta mata wannan kaɗai. Yarinyar ta dubi kalmar, ta dube ni, ta sa yatsa tana neman ɗaga gefen kwalin ta leƙa hoton. Da Rabi ta riƙe kwalin a hankali sai ta fara karanto layin farko na shafin jiya, da ƙarfi, idonta ya cika da hawaye. Kalmar baƙi huɗu ce. Ashe duk watannin nan abin da aji ke rerawa tare take haddacewa, hoton ne ke gaya mata inda za ta kama, ni kuma da shekaruna talatin ina zaune ina gyaɗa kai.

Rabi ta sallami yarinyar da alewa sannan ta yi mini bayani. Ta ce ba daƙiƙanci ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma iska ba ce. Akwai yaran da haɗa baƙi da sautinsa ke yi musu wuya tun daga halitta, ko da sun fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa, kuma idan an gane da wuri aka bi da su ta wata hanya sukan kama. Idan aka bari har suka girma, tsoro da kunya sukan rufe ƙofar kafin a zo. Sun buɗe ƙaramin aji a wata lakwal a unguwar Kara-Kara, Laraba da yamma da Asabar da safe, amma sai uba ya sa hannu a takarda, kuma zuwa Alhamis za su rufe sunaye su wuce makarantun Gidimuni. Tana tattara kayanta sai ta yi mini tambayar da na fi tsana a duk zaman.

"Madam, abin yakan bi jini. Akwai wani a gidan nan da ya sha wahalar karatu yana ƙarami?"

Na ce mata babu. Na faɗa da sauri, kuma na san ƙarya nake yi.

Da Yayanku ya dawo daga kasuwa na aika masa da takardar ta hannun Hadiza. Ba a daɗe ba ta dawo da ita a ninke kamar yadda na bayar, ta ce ya ce a'a. Na sa aka kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofata kansa a ƙasa, na yi masa bayani kamar ina gaban aji, ya saurara har na gama.

"Madam, ba za a rubuta sunan 'yata a takardar waɗanda suka kasa ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya juya. Kwana uku gidan nan ya yi tsit, ko ƙarar turmi sai a hankali. Hadiza tana son a kai yarinyar amma ba ta da bakin faɗa, sai ta riƙa share tsakar gida sau uku a wuni tana wucewa ta ƙofata. Ni kuma na yanke wa kaina hukunci cewa girman kai ne ke damunsa, yana gudun a ce an ga jikar Madam a Kara-Kara, unguwar da mutanen Birni ke ɗaga wa hanci alhali yawancinsu ba su taɓa taka ta ba. Ranar Alhamis da hantsi na ɗauki biro na sa hannu a inda aka rubuta uba ko mai riƙon yaro, na ce ai ni ma mai riƙo ce. Na san ba gaskiya ba ne. Na gaya wa kaina idan yarinya ta fara karatu zai gode mini.

Sati uku muna tafiya a ɓoye, ni da Yagana a bayan kabu-kabu, da sunan za mu duba wata ƙawata mara lafiya. Ina zama a bencin baya ina kallo. Yara takwas ne ko tara, babu rera karatu tare, babu tsumagiya. Rabi da ɗalibanta sukan ba kowane yaro faranti da yashi ya zana baƙi da yatsa yana faɗin sautinsa, ko su ba shi baƙin da aka yanka da kwali ya shafa ido a rufe. Da farko na ɗauka wasa ne, har hannuna na ƙaiƙayi. A sati na uku Yagana ta haɗa baƙi biyu da kanta ta fitar da sauti, ta juyo tana nemana da ido, ni kuma na yi kamar ina gyara gyale. Amma duk lokacin da muka shigo gida gabana faɗuwa yake, don na ɗora sirri a kan yarinyar da bakinta ba ya rufuwa.

Ba da baki ta tona ni ba. Baƙaƙen kwali suna saurin lalacewa, sai ta yi tunanin na fata za su fi, ta je ta roƙi ubanta ya yanka mata guda biyu da ragowar fatar rumfarsa, kamar na ajin Malama Rabi. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Ina zaune ina dama fura ya yi sallama ya shigo har tsakiyar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi aure. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni wa ya sa hannu, na ce ni. Na fara jero masa dalilai, na ce yana so girman kansa ya kashe wa yarinya gaba, har na ce masa ba kowa ne zai samu kawu baduku ya rufa masa asiri ba. Ya bar ni na ƙare.

"Madam, sau ɗaya na taɓa jin sunana a bakinki. Kin tuna ranar?"

Ludayin ya tsaya a hannuna, don na tuna. Ku ƙananan ba ku ga zamanin ba. A ƙarshen shekara akan jera lakwal duka a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, iyaye na tsaye a gefe, kowane malami ya karanta sakamakon ajinsa daga na ɗaya har na ƙarshe. Na farko a tafa masa, na ƙarshe kuma yara su yi masa ihu su raka shi da waƙa har bakin ƙofa, mu malamai muna ganin hakan magani ne. Shekarar da yake aji uku a hannuna ya faɗo, kuma shi ne na ƙarshe. Daraktan lakwal ɗin, dattijo mai sanin ya kamata, ya ja ni gefe ya ce in kawo takardar ya karanta mini, tunda ya san ba na kiran sunan. Na ƙi. Ina tsoron a ce Madam ta ɓoye ɗanta, ina so gari ya san ba na son kai. Na tsaya na karanta har ƙasa, na buɗe baki na ce Bukar Mala, na ƙarshe. Yana da shekara takwas. Na ga ya ɗago kai da sauri da ya ji sunan, fuskarsa har ta fara washewa, kafin ihun ya tashi.

Yana tsaye a ɗakina ya ce tun daga ranar, duk inda aka riƙe takarda mai jerin sunaye yakan bar wurin. Ya ce ya yi ƙoƙari iyakar ƙarfinsa a lokacin, baƙaƙen ne ba sa tsayawa wuri ɗaya, amma ba wanda ya tambaye shi. Sai ya nuna takardar Rabi, kwafin da ke kan akwatina.

"Wannan ma da kika aiko mini, har yau ban san abin da ke cikinta ba. Ban iya karanta ta ba, kuma na ji kunyar in ce wa matata ta karanta mini takardar uwata."

Mutum mai shekara kusan arba'in, a gidana yake kwana, ban sani ba. Ko kuma in faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa: na sani, na ƙi dubawa. Kafin sati ya zagayo ya kama haya ya kwashe iyalinsa. Bai yi mini rashin kunya ba, ya zo ya yi sallama, ni kuma taurin kai ya hana ni cewa komai sai Allah ya kiyaye.

Na ɗauka na gama ganin sakamakon aikina, ashe da saura. Da na je na gaya wa Rabi abin da ya faru, fuskarta ta canza. Ta ce ƙa'idar bincikensu ba ta yarda a taɓa yaro ba tare da yardar ubansa ba, kuma tunda ta san sa hannun ba nasa ba ne dole ta dakatar da Yagana. Akwai yara da yawa da ke jiran wuri. Za ta riƙe mata gurbin zuwa Laraba mai zuwa, bayan nan ba ta da iko. Na so in tuna mata wa ya koya mata riƙe biro, amma na ga ita ce a kan daidai, yarinyar da na taɓa sa wa gwale-gwale. Na yi mata sallama na fito. Da hannuna na buɗe wa jikata ƙofa ta hanyar da ba ta dace ba, ga shi kuma za a rufe ta a kan yatsunta, daidai lokacin da ta fara gane cewa ita ba daƙiƙiya ba ce.

Na aika ƙaninsa wurin Yayanku, ya ce a gaishe ni. Na aika limamin unguwa, ya karɓe shi da mutunci, bai canza ba. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, abinci ya ƙi shiga. Ranar Talata da hantsi na yafa gyale na ɗauki takardar na nufi kasuwa da ƙafa. Ban taɓa zuwa rumfarsa ba, uwa ba ta bin ɗan fari wurin sana'arsa. Layin dukawa cike yake, warin jima da ƙarar guduma, kuma rabin masu rumfunan sun san ni, wasu ma na dake su. Na hango shi ya sunkuya a kan wata jar fata yana huda ta da basilla, bai gan ni ba. Na tsaya a rana ina neman abin da zan kira shi da shi. Yaron nan ba zai yiwu ba, baban Yagana kuma ya yi mini kama da wata sabuwar ɓuya.

"Bukar," na ce.

Gudumar maƙwabcinsa ta tsaya. Shi kuwa bai ɗago nan da nan ba, ya ajiye basillar a hankali, ya goge hannunsa a riga, sannan ya dube ni. Na ce masa na zo in karanta masa takarda, idan ya ji bai yarda ba in yaga ta a gabansa, kuma ba zan sake kai yarinyar ko'ina ba. Ya jawo mini kujera. Na karanta masa da Faransanci layi-layi ina juyawa da Hausa, ban tsallake komai ba, har inda aka ce ba za a bayyana sunan yaro ga kowa ba, kuma uba na iya janye ɗansa duk ranar da ya so. Nan ya tsayar da ni ya ce in maimaita, na maimaita. Ya tambaya ko akwai ranar da za a jera su a karanta na ɗaya da na ƙarshe. Na ce babu, na zauna a ajin sati uku ban gani ba. Sai na faɗi abin da ya kawo ni tun asali, na ce masa ba malalaci ba ne, bai taɓa zama ba, ni ce ban san aikina ba, ya yafe mini. Ya karɓi biron ya zana alamar nan da yake bugawa a gindin jakunkunansa.

Washegari shi ya kai Yagana Kara-Kara a kan babur ɗinsa. Bayan wata guda Rabi ta nuna mini wata jaka da ya kai musu, baƙaƙe ne duka an yanka su da fata mai kauri, ya bi zanen da ta ba shi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya san sunan yawancinsu ba. Ta yi masa tayin ya riƙa zama ana koya masa, ya yi dariya ya ce a bar wa yara. Matan unguwa sun yi wata biyu suna cewa Madam ta tsufa ta zubar da kunya a tsakiyar kasuwa, ban kula su ba. Gidan nan kuwa bai dawo ba, kuma na daina sa rai. Yakan zo duk Juma'a ya gaishe ni, ya zauna a bakin ƙofa, har yau Madam yake ce mini. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban ce an cuce ni ba.

Yagana tana karatu yanzu. A hankali take yi, da yatsa a kan layi, tana tsayawa a dogayen kalmomi, amma abin da ke kan takardar take karantawa. Ku sauran za ku karanta wannan babin da idonku ku wuce, shi kuwa wanda na rubuta dominsa ba zai iya ba. Don haka na yi da Yagana ita za ta kai masa rumfa ta karanta masa, ko zai ɗauke ta kwana uku. Na roƙe ta abu ɗaya: idan ta zo inda na rubuta Bukar, kada ta ji nauyin sunan ubanta ta tsallake, ta faɗe shi yadda yake, ta ce inji ni.